Tsamin Gorar Nomau

Duk saurayin da ya zo wurina koyon kiwon galla da magana ɗaya yake farawa: ai ba ta harbi. Sai ya faɗe ta yana murmushi, ya ɗauka ya gama rabin aikin. To gaskiya ne, galla ba ta harbi. Ƙudan zuma ce 'yar mitsitsiya, baƙa, da kaɗan ta fi ƙwayar gero, ita ce wadda ke damunku a ido da bazara tana neman gumi. Ba ka neman hayaƙi, ba ka rufe fuska. Amma ƙudan zuma mai harbi, in ka yi masa ba daidai ba, nan take zai gaya maka, ka koma gida da kumburarren leɓe ka gyara halinka. Galla ba ta gaya wa kowa komai. Za ka yi ta cutar ta kana jin kai gwani ne, sai ran nan ka zo ka tarar da gora shiru.

Ku zauna, amma kar ku miƙe ƙafa sosai. Ni ba mazauni ba ne, in waya ta yi ƙara aka ce ana rushe katanga, tashi zan yi in bar ku nan. Maganar tsami zan yi muku, don tsami shi ne sana'ar, sauran duk ɗaukar kaya ne. Kuma tsamin da nake nufi guda ne, na gorar Nomau, wanda na yi rayuwata ina tsoron kada ya mutu a hannuna.

Aikin farko da na yi da hannuna a Tsibiri ne, a bangon wani tsohon rumbu. Lokacin ina dako a kasuwar Maraɗi, na je taya gwaggona girbin gero, sai na ga wani tsoho maƙwabcinta ya rataye goruna a ƙarƙashin rumfa, kowace da ɗan bututun danƙo a baki, ƙwari na shiga suna fita. Shi ne Nomau. Gajere ne, mai faɗa, gorunansa sun fi tufafinsa yawa. Na tambaye shi abin da ke ciki, ya ce in ina son sani in ɗauki tsani in biyo shi. Da muka isa rumbun ya nuna mini bututun a jikin bango, ya sa na kara kunne na ƙwanƙwasa har na gane inda ramin ya tsaya, sannan ya miƙo mini wuƙa da wata doguwar ƙusa. Na yi ta ƙwaƙular ƙasa a hankali har rami ya buɗe. Na kai hannu ke nan sai na ji duka a bayan hannuna.

"Shaƙa tukuna," in ji shi. "Hannu shi jira."

Na shaƙa.

"Mi ka ji?"

"Tsami, Baba."

"Wane iri? Na rai ko na ruɓa?"

Na daɗe kafin in iya bambanta su. Gidan galla abu uku ne a ciki. Akwai 'ya'ya, a dunƙule kamar zangarniyar gero, uwa na yawo a kansu. Akwai 'yan tulunan danƙo masu zuma. Akwai kuma waɗansu tulunan da take tara garin fure a ciki, ya jiƙe, ya kwana, ya yi tsami kamar ƙullun koko. Shi muke ce wa tsami, kuma shi ne abincin 'ya'ya. In gida na da lafiya ƙanshinsa mai kaifi ne, yana sa miyau ya tsinke. In ya fara lalacewa warin tsumma jiƙaƙƙe yake yi, kuma hanci na jin haka tun ido bai ga komai ba.

Matsalar ita ce ba a ciro gida daga bango tsaminsa bai fashe ba. Tulunan sun manne da ƙasa, da ka taɓa sai su dagargaje. Fasasshen tsami kuwa kiran ƙananan ƙudaje yake yi, su yi ƙwai a ciki, tsutsarsu ta cinye gidan ƙarƙaf. Don haka zubar da shi ake yi. Ka ɗauki 'ya'ya da uwa ka sa a sabuwar gora, sannan ka je wurin tsohuwar gora mai ƙarfi ka yanko tulun tsami lafiyayye, kamar kan babban yatsa, ka ajiye kusa da 'ya'yan, ka shafe cikin gorar da danƙonta. A ranar ake yi, ba a kwana. Kuma ba a wanke gora, ko da ruwan zalla. Na taɓa tambayar Nomau dalili, sai ya dube ni sheƙeƙe ya ce ko na taɓa ganin mai nono ta kwankwatse ƙwaryarta da sabulu sannan madara ta kama.

Duk tsamin da Nomau ke rabawa daga gora ɗaya yake fitowa, wadda ya gada wurin kawunsa. Ita gorar kanta an sha canza ta, don gora na tsagewa, gara na ci, uwa na tsufa wata ta gaje ta. Amma tsamin bai taɓa yankewa ba, daga wannan gora zuwa waccan. Ƙanshinsa daban ne, akwai wani abu kamar bagaruwa a ƙarƙashinsa, ko a cikin goruna ɗari zan ware shi ido rufe. Da Nomau ya ji jikinsa ya ƙi, ya aika aka kira ni, ya nuna gorar da haɓa ya ce in sauke. Bai yi mini wa'azi ba. Cewa kawai ya yi kada in bari rana ta doke ta a hanya. A kan cinyata na ɗauko ta har Maraɗi, na lulluɓe ta da rigata, ni kuwa na iso da 'yar shara.

Kayan aikin ba su cika jaka ba. Wuƙa siririya, ƙusa, gashin kaza na share ƙwari, sirinji na zuƙe zuma daga tulu ba tare da an fasa shi ba, laka da kashin shanu na liƙe gora, toka da baƙin mai na tare tururuwa a igiya. Shi ya sa kuke raina sana'ar, kun ga ba injin da za a saya. Amma ku gwada zuƙe zuma da rana tsaka, danƙo ya yi laushi, galla ta cika muku gashin ido da kunne da hanci, ga ƙadangare a kan katanga yana jira ku juya baya. Mai gaggawa ba ya gama gora ɗaya bai kashe uwa ba. Ni da nake da gaggawa a komai, har a cin tuwo, nan kaɗai na koyi tsayawa.

Masu saye kuma nasu daban. Wata Hajiya da ke karɓa don tarin mijinta, duk zuwan da za ta yi sai ta ɗaga kwalbar ta karkata ta.

"Malam Ilu, wagga zuma taka ruwa anka zuba mata? Ga tsami kuma."

"Hajiya, haka Allah Ya yi ta. In kina son mai kauri ga masu saidawa a bido can bakin tasha."

Ta yi tsaki ta saya, wata mai zuwa ta dawo da maganar. Zumar galla ruwa-ruwa ce, da ɗan tsami, kuma gora guda in ta cika maka 'yar kwalba a shekara ka gode Allah. Wani Alhaji mai motocin hatsi ya taɓa sa a kira ni har gida, aka ba ni kujera da lemo, ya tambaye ni bido nawa, wato jarka, zan iya ba shi duk wata ya kai Katsina. Na ce masa in ya haɗa ni da jikokina da jikokinsu wataƙila mu cika masa ɗaya. Bai yi dariya ba, lemon ma ban shanye ba aka raka ni.

Aikin bango shi ya hana ni zama duk tsawon shekarun nan. Maraɗi ta ƙasa tana tafiya, ta siminti na zuwa, kuma galla ba ta iya huda siminti. Duk tsohon gidan da aka saya rushe shi ake yi, kuma kusan kowace tsohuwar katanga da gidan galla a ciki. Na bi magina ɗaya bayan ɗaya na ba su lambata, na ce in sun ga bututun danƙo su kira ni kafin su sa diga. Wasu na kira, wasu sai sun rushe sun lashe zumar sannan su tuna. In an kira kuwa ba jira, don mai gini ba ya tsayar da leburori saboda ƙwaro. Haka nake barin abinci, in bar aski rabi, in tare ɗan kabu-kabu ina ce masa ya ƙara wuta.

Ta nan Rabi'u ya shigo. Ɗan ƙanena ne, magidanci da 'ya'yansa biyu, yana kabu-kabu yana kuma kiwon kaji a bayan gida. Shi ke kai ni wurin rusau, tun yana jira a kan babur yana danna waya har ya fara riƙe mini tsani. Hannunsa na da sanyi, ya fi nawa. Shi ya kawo shawarar mu kai goruna Jiratawa, lambun surukinsa, inda ake ban ruwa, zogale na fure kusan duk shekara, ga mangwaro ga albasa mai iri. Shawara ce mai kyau. Gorunanmu suka yi yawa har na daina sanin kowace da fuskarta. Abu ɗaya ne ban yarda ba, gorar Nomau ba ta bar ɗakina ba. Tana rataye a jikin taga, bututunta na waje, kuma na gaya wa Rabi'u ko gobara ake yi ni zan ɗauke ta.

Sai mummunar shekara ta zo. Damina ta makara, ta kuma ɗauke da wuri. Itatuwa suka yi fure kamar ana roƙonsu. Tsutsa ta faɗa wa lambunan Jiratawa, masu lambu suka shiga feshi ba ji ba gani, kuma ban ga laifinsu ba, abincinsu ne. Muka fara tarar da galla a zube a ƙarƙashin goruna, sai muka kwaso su duka muka dawo da su tsakar gidana a Maraɗi, inda ba komai sai bedi biyu, wato bishiyar dogon yaro. Ga yunwa ga zafin bazara. Na koma ba su ruwan sukari a murafun kwalba, da tsinke a ciki don kada su nutse. A haka muke lallaɓawa, sai wata katanga ta zame da ni a wurin rusau, ƙafata ta karye. Aka kai ni wurin mai ɗori a Tsibiri, ya ce ba inda zan motsa. Na bar wa Rabi'u tsakar gida da buhun sukari, na kulle ɗakina, don gorar Nomau na da ajiyarta, ba ta neman ciyarwa.

Kwanciyar nan ta fi mini karayar ciwo. Kullum ina kiran Rabi'u, kullum yana cewa lafiya lau, har ma sun ƙara kuzari. Da na samu na dogara sanda na dawo, tun daga zaure hancina ya gaya mini. Warin tsumma ne ya cika gidan. Na buɗe gora ta farko, tsamin ya yi fari da hunhuna, 'ya'ya sun yi baƙi, ƙudaje na tashi. Ta biyu haka, ta uku haka. A ƙasa kusa da murafun na ga ɓawon kafso, mai ja da rawaya, irin wanda ake sayarwa a tire.

"Rabi'u, wanga mi ne ne?"

"Kafso ne, Baba. Na ga sun yi laƙwas, sai na riƙa hwasa musu cikin ruwan sukari, kamar yadda nika yi ma 'yan tsaki. Bana ko tsako guda ban rasa ba."

Da alfahari ya faɗa. Duk mai kaji a garin nan haka yake yi, da tsako ya sauke fiffike a fasa masa kafso a ruwa, kuma daga aljihunsa ya riƙa saya don ya faranta mini. Ban duba wannan ba a ranar. Na gaya masa maganganun da har maƙwabta suka leƙo, na ce ya koma wurin kajinsa tunda su ne daidai hankalinsa. Ya tura baburinsa har waje kafin ya tayar, daga nan ya canza tashar da yake tsayawa don kada mu haɗu. Gorunan kuwa ɗaya bayan ɗaya suka yi shiru, ba wadda ta tashi.

Barira ce ta fahimtar da ni abin da ya faru. 'Yar maƙwabcina ce, tana karatun ƙananan halittu a jami'a, takan zo karɓar wa kakarta zuma. Ta tarar da ni ina ƙona matattun goruna, ta tambaya, na nuna mata ɓawon kafso. Ta zauna a kan turmi ta ciro waya ta nuna mini hoton waɗansu abubuwa kamar gutsattsarin shinkafa.

"Baba, waɗanga su ad da rai amma ido ba ya ganinsu. Irinsu ka maida madara nono. Akwai su cikin cikin galla, akwai su cikin tsamin nan naku, su ka sa shi tsami. Suna taya ta narka garin hure, suna hana hunhuna da cuta samun wurin zama. 'Ya'yan in sun hito, wurin manya da wurin abinci suka samunsu. Shi kau kafso bai san na kirki ba bai san mugu ba, dut shika sharewa."

"Wato shi ya kashe su."

"Ban ce tabbas ba. Ga yunwa, ga zahi, ga heshin da sunka sha. Amma an ba mai yunwa maganin da ya wanke mishi ciki."

Na ce wato ita gallar ma makiyayiya ce, da garkenta a ciki, mu muna kiwon mai kiwo. Ta yi dariya ta ce kusan haka ne. Na tambaye ta ko ana sayar da su a kantin magani in je in sayo. Ta ce ita dai ba ta san inda ake sayar da na galla ba, suna inda muka san suna, cikin gorar da ke da rai. Na ce to na Nomau fa, sun fi na sauran ne? Ta ce ba ta sani ba, gidan galla na daji ma da nasa, wataƙila ƙanshin ne kawai na saba da shi. Ban ji daɗin wannan ba, amma yarinyar ba ta iya ƙarya don ta faranta wa tsoho.

Daga nan na koma mai gora ɗaya, kuma ban ƙara samun natsuwa ba. In fita masallaci in dawo in duba bututu. In zauna cin abinci in tashi in duba igiya ko tururuwa ta hau. Na canza toka, na ƙara mai, na kori ƙadangarun gidan har iyalina suka fara yi mini kallon wanda ya taɓu. Ita ma gorar shekarar ta taɓa ta, ta rame, in na ɗaga sai in ji ba nauyi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne waya. Magina na kira, ga gida a katanga, in zo. In na je da me zan ba shi? Ba ni da tsamin da zan yanka. Sai in ce ƙafa ce ta hana ni, in kashe waya, in zauna ina jin digar a kaina.

Bayan girbi, gawo bai fara fure ba tukuna, wata rana da hantsi na ji sallama a zaure. Rabi'u ne, ya rame, da 'yan akwatuna uku ɗaure a bayan babur, kafinta ya yi masa. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa a daƙile. Ya ce surukinsa ne ya rushe tsohuwar katangar lambu da safen nan, ya tarar da gida uku, ya ciro su da uwayensu, ya zubar da fasasshen tsamin kamar yadda na koya masa.

"To sai mi?" na ce.

"Tsami nika so, Baba."

"Kai da ka kashe mini gida guda na goruna, yanzu ita ma ka zo ka ƙarasa?"

"Na san abin da na yi. Barira ta yi min bayani, kuma ko ba ta yi ba na ga gawa da idona. In kun hana ni ba ku zalunce ni ba. Amma waɗanga ba su kai gobe in ba tsami, kun hi ni sani."

Na shiga ɗaki na bar shi a durƙushe. Na fito, na koma. Na sauke gorar na auna ta a hannu, na mayar. Na san lissafin sarai. In na yanki abin da zai ishi gida uku, rabin ajiyarta ya tafi, kuma sauran ba lallai ya kai ta furen gawo ba. In na hana, tana nan, amma ita kaɗai, a ɗakin tsoho mai sanda, rana ɗaya ta tururuwa ko igiya ta tsinke shi ke nan. Kuma na tuna Nomau bai taɓa rataye ta don kallo ba, yanka yake yi yana rabawa, har ga ɗan dako da bai san tsamin rai da na ruɓa ba. Na kankare lakar, na buɗe. Ƙanshin ya bugo ni. Na yanka sau uku, na sa a ganye, na fito na miƙa masa ban dube shi ba. Na ce ya tafi kafin in canza ra'ayi, kuma kada ya bari rana ta doke su a hanya.

Gawo ya makara a shekarar. Na ba ta sukari, na kai ta inuwa, na dawo da ita taga, na sayo furen kabewa na jera mata kamar mahaukaci. Masu fita suka riƙa raguwa. Bututun ya bushe, ya tsage, ba mai gyara shi. Wata safiya na kara kunne ban ji komai ba. Na buɗe na tarar da uwa a ƙasan gora ta naɗe. Na yi baƙin cikin da ban yi irinsa ba tun rasuwar Nomau, kuma a raina Rabi'u na ɗora wa, sau biyu ke nan. Ban kira shi ba, ban tambayi akwatunansa ba. Tsoron amsar nake yi. Muddin ban tambaya ba, ban ji an ce tsamin ya ƙare a duniya ba.

Aikin da ya mayar da ni Jiratawa wata katanga ce a tsohuwar unguwa a nan Maraɗi, bayan damina ta sake zagayowa. Magini ya kira, kafin in tuna ba ni da tsami har na ɗauki jaka na tare babur, jiki ya riga ya saba. Gida ne mai kyau, 'ya'ya cunkus, uwa ƙatuwa. Na ciro shi lafiya na sa a sabuwar gora, na zubar da fasasshen tsamin, na liƙe. Sai ga ni tsaye a bakin titi, rungume da gora, rana na hawa, ba inda zan yanko mata abinci a duk faɗin Maraɗi. Na yi tsaye har masu kabu-kabu suka gaji da yi mini oda. Daga ƙarshe na cire rigata na lulluɓe ta, na ce wa ɗaya Jiratawa, kuma ya ƙara wuta.

Na sami Rabi'u a ƙarshen lambu, nesa da inda ake feshi, ya yi rumfar zana a ƙarƙashin mangwaro. Tun daga nesa nake ƙirga akwatuna da ido. Biyu na gani da galla a baki, na ukun a kife a ƙasa. Kusa da su kuma ga waɗansu goruna sababbi, ya riga ya fara rabawa. Ya taso da sauri zai karɓi kayan hannuna, na ce ya bari. Na gaya masa gorar Nomau ta mutu. Ya sunkuyar da kai, ya ce ya ji, kunya ce ta hana shi zuwa. Ban taɓa roƙon tsami wurin kowa ba tun da na bar Tsibiri.

"Tsami nika so," na ce.

Ya ɗauko wuƙa, ya kankare lakar akwatin farko a hankali, ya ɗaga murfin. Na ga tuluna jere, cike, rawaya. Haƙuri ya ƙare mini, na kai hannu. Sai ya tare hannuna da bayan nasa, a hankali, ba duka ba.

"Baba, shaƙa tukuna."

Na sunkuya na shaƙa. Mai kaifi ne, miyau ya tsinke mini, kuma can ƙarƙashinsa ga bagaruwar nan. Rumfar Nomau ce ta dawo mini, da gorunansa, da faɗansa. Na daɗe a sunkuye, don ban so ya ga fuskata ba. Da na ɗago na buɗe gorata na tara masa da hannu biyu, ya yanka kamar kan babban yatsa ya ajiye kusa da 'ya'yan.

To kun ji. Wuƙa da sirinji zan koya muku, da ƙwanƙwasa bango, da yadda ake tare tururuwa, kuma wanda na kama da kafso a aljihu kada ya ƙara taka mini zaure. Amma ranar da kuka ciro gidanku na farko, kada ku ɓata lokaci ku zo nan, gorata ba ta yi ƙarfin yanka ba tukuna. Ku lulluɓe shi ku wuce Jiratawa, ku tambayi lambun da Rabi'u yake, ku yi sallama da ladabi. Ni ma can nake zuwa roƙo.